Kada Ka Tura Waƙar Gaba: Jagorar Kallon Fim da Wasan Dandamali Masu Waƙa

Idan aka zo batun waƙa a fim, masu kallo a Zariya kashi biyu ne. Akwai wanda da an saki kiɗa zai kai yatsa kan waya ya tura gaba, wai shi labari ya zo gani ba rawa ba. Akwai kuma wanda waƙar ce kawai ta dame shi, ya je wajen masu tura fina-finai a Sabon Gari ya ce a zuba masa waƙoƙin, fim ɗin kuwa ko oho. Asarar da suke yi iri ɗaya ce, domin akwai nau'in fim da wasan kwaikwayo da waƙar ce take ɗauke da labarin. Ka tsallake ta, ka tsallake wurin da jaruma ta yanke shawara, ko wurin da uba ya sauko daga fushi. Ka ciro ta ka saurara ita kaɗai, ka ji daɗin murya amma ba ka san abin da ya sa mai ita yake kuka ba. Ga hanyar da za ka bi ka koyi kallon irin wannan aiki, tsoho da sabo, na Turawa da na Indiya da namu na gida.

Da farko, yarda da sharaɗin wasan

Ƙorafin da aka fi ji shi ne: wa ka taɓa gani yana cikin magana da matarsa ya ɓarke da waƙa, 'yan kasuwa su ajiye kayansu su kama amshi? Babu kam. Amma Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. A tatsuniya, idan yarinya ta shiga uku, an jefa ta rijiya ko dodo ya tare mata hanya, ba dogon bayani take yi ba, waƙa take rerawa, kaka ta maimaita ta sau uku ko huɗu yara suna amsawa. Ba yaron da ya taɓa tsayar da kaka ya ce ai mutum ba ya waƙa a cikin rijiya. Haka tashe. Daga goma ga azumi, yaro ya manna gemun auduga, ya sa yagaggiyar riga, ya dogara sanda yana rawar jiki, ya bi lungunan Birni da Tudun Wada da abokansa suna yi masa amshi. Ga ɗan wasa, ga shiga, ga waƙa, ga masu kallo a ƙofar gida suna miƙa ɗan abin da ya samu. Duk kayan aikin sun cika.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke bi: abin da ke cikin zuciya idan ya fi ƙarfin magana sai a rera shi, idan ya fi ƙarfin waƙa sai a taka. Saboda haka duk lokacin da kiɗa ya tashi, bar tambayar ko hakan na faruwa a zahiri. Ka tambayi me ya taso wa mutumin nan da har magana ta kasa masa.

Zaɓi fim ɗaya, ka ba shi lokacinsa

Kada ka fara da gutsattsarin TikTok. Ɗauki fim guda, cikakke, wanda ba a yanke masa waƙoƙi ba, domin wasu masu turawa sukan ba ka wanda aka rage don ya shiga waya. Ka nemi mai rubutaccen bayani a ƙasan allo, wanda ke fassara har da baitocin waƙa. Wannan ya fi muhimmanci a fim ɗin Indiya: fassarar Indiya-Hausa da muka saba da ita galibi magana take juyawa, waƙa kuwa a bar ta da Indiyanci, sai mai kallo ya ɗauka hutu aka tafi. Ka sa abin ji a kunne biyu ko ka haɗa da lasifika mai kyau, don ƙaramin bakin waya yana cinye rabin kiɗan. Ka cika caji tun da wuta, saboda tsofaffin nan dogaye ne. The Sound of Music ya kusa awa uku, Mughal-e-Azam ya haura uku. An gina su da hutu a tsakiya, to idan za ka tashi salla ko cin abinci, nan ne wurin tsayawa, ba tsakiyar baiti ba.

In da iyali za a kalla, fara dubawa kai kaɗai. Wasu, kamar Chicago na 2002, shigar 'yan rawarsu ba ta zaman falo da yara ba ce.

Gwajin cirewa

Wannan shi ne mataki mafi girma, kuma a kansa sauran suke tsaye. Duk waƙar da ta ƙare, dakata ka ce: da an cire ta, me labarin zai rasa? Wane ne ya shiga waƙar da hali ɗaya ya fita da wani?

Ba tun asali ake gina wasa haka ba. A farkon ƙarni na 20, yawancin wasannin Broadway, unguwar gidajen wasan dandamali a birnin Niyok, tarin waƙoƙi ne da barkwanci da 'yan rawa, labarin siriri ne, an ɗaura shi don kawai a samu dalilin shiga waƙa ta gaba. Show Boat na 1927 ya fara karya wannan, ya ɗauko labari mai nauyi har da wariyar launin fata. Sai Oklahoma! na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein a 1943, wanda aka nuna sau 2,212 a jere, ya kafa tsarin da ake bi har yau: kowace waƙa ta fito daga bakin wanda ya dace da ita, a lokacin da ya dace, kuma ta tura labari gaba.

Fim mafi sauƙi na gwada wannan shi ne The Sound of Music na 1965, wanda mutanen nan biyu suka rubuta waƙoƙin wasansa na dandamali a 1959. Labarin a Salzburg ne ta ƙasar Ostiriya, gab da Jamus ta Hitila ta haɗiye ƙasar a 1938. Tsohon hafsan sojan ruwa, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya bakwai, ya haramta kiɗa a gidan, da usur yake kiran yaransa kamar kurata. Aka kawo Mariya ta yi rainonsu. Dubi waƙar da take koya musu sautukan kiɗa bakwai. An fara a kan ciyawar tsauni, ita da jita, yaran sanye da kayan da ta ɗinka musu da tsofaffin labulayen ɗakinta, ko baiti ɗaya ba su iya ba. Waƙar ba ta yanke ba, amma sai ga su a gari, a kan kekuna, a keken doki, tufafinsu suna canzawa. Kafin ta ƙare kwanaki da yawa sun shuɗe, yaran sun iya haɗa murya, kuma sun zama 'yan gidan Mariya. Da magana za a nuna wannan, sai an ci rabin awa.

Wadda ta fi ta ƙarfi tana gaba kaɗan. Uban ya dawo daga tafiya ya tarar da 'ya'yansa sun faɗa tafki daga kwalekwale, jiƙe sharkaf. Suka yi cacar baki da Mariya, ya sallame ta. Yana rufe baki sai ya jiyo waƙa daga cikin gida. Ya shiga ya tsaya a bakin ƙofa, yaran suna rera wa baƙuwarsa, can sai ya karɓi baitin da kansa. Yaran suka yi tsit suna kallonsa, don sun manta yana da murya. Babu wanda ya ce Baba ka yafe mana, babu wanda ya yi wa'azi. Cire waƙar nan, sai roƙon da ya yi wa Mariya ta zauna ya zama ba shi da tushe.

Kana cikin wannan, ka kasa kunne ga waƙar da aka dawo da ita karo na biyu. Ba ƙarancin waƙa ne ya sa aka maimaita ba. A fim ɗin nan uban ya rera wata 'yar waƙa kan farin furen tsauni mai suna Edelweiss, a falonsa, cikin nishaɗi. Kusa da ƙarshe ya sake rera ta a dandalin gasa, jami'an Nazi suna zaune a sahun gaba suna jiran su tafi da shi aikin soja. Muryarsa ta sarƙe, matarsa da 'ya'ya suka ɗora, jama'ar zauren duka suka kama. Baitoci ba su canza ba, amma waƙar fure ta koma ta bankwana da ƙasa. Mutane da yawa suna zaton tsohuwar waƙar gargajiyar Ostiriya ce, alhali don wasan aka rubuta ta, kuma ita ce ta ƙarshe da Hammerstein ya rubuta kafin mutuwarsa a 1960.

Koma ga Indiya da sabon kunne

Iyayenmu da suka yi zamanin silima ba sa buƙatar a gabatar musu da wannan ɓangare. Fim ɗin Indiya da waƙa aka haife shi: na farko mai magana, Alam Ara na 1931, waƙoƙi bakwai ne a cikinsa. Tsarinsu ya bambanta da na Amurka, don sukan bar waƙa ta fita daga labari ta shiga mafarki, masoya su bar ƙauye su bayyana a kan dusar ƙanƙara. Wannan ba laifi ba ne in ka gane cewa cikin kan mutum aka shiga da kai. Amma gwanayensu sun iya sa waƙa ta zama ita ce rikicin kansa.

Nemi Mughal-e-Azam na 1960. Yarima Salim, wato Dilip Kumar, yana son baiwa mai rawa, Anarkali. Mahaifinsa Sarki Akbar ya ce ba za ta saɓu ba, ya sa aka tsare ta, aka matsa mata ta rabu da yaron. Aka kawo ta ta yi rawa a fada, a zauren da aka lulluɓe da ƙananan madubai. Maimakon ta janye, sai ta dubi sarki ido cikin ido ta rera cewa wanda ya yi so ba ya tsoro. Ka lura da fuskar sarki tana kumbura, ka lura da hoton yarinyar da ya bazu a ɗaruruwan madubai, duk inda ya juya ita yake gani. Yawancin fim ɗin baƙi da fari aka ɗauke shi, amma wannan wuri mai launi ne. Wanda ya san yadda mawaƙin fada ke saka habaici a gaban mai sarauta, ya faɗi abin da bafade ba zai iya furtawa ba, zai gane wurin nan tun kafin ya karanta fassara.

Nan kuma sai batun murya. Madhubala ce Anarkali a allo, amma Lata Mangeshkar ce take rerawa. Indiyawa sun daɗe da daina ɓoye wannan, suna rubuta sunan mawaƙi, har ta kai Lata da Mohammed Rafi da Kishore Kumar sun yi suna daidai da jarumai. Amurkawa su ne suka daɗe suna rufa-rufa: Marni Nixon ce ta yi wa jarumar West Side Story na 1961 waƙa, ita ce kuma ta yi yawancin na Audrey Hepburn a My Fair Lady na 1964, ba a sa sunanta a allo ba. To ka saba raba yabo biyu, na mai murya daban, na mai motsa baki daban. Shi ma motsa bakin gwaninta ne: duba maƙogwaro da numfashi, ka ga ko jarumar tana jan iska inda mawaƙiyar ta ja. Idan kana son ganin akasin haka, a Les Misérables na 2012 'yan wasan da bakinsu suka rera a gaban kyamara. Za ka ji shessheƙa da rawar murya na gaske, za ka kuma ji waɗanda muryarsu ba ta kai ba, babu inda za su ɓuya.

Rawa

A nan ido ne alƙali, kuma abu ɗaya zan ce ka riƙe: ƙirga yawan yankan hoto. Fred Astaire, gwanin rawa a tsofaffin fina-finan Amurka, ya dage a riƙa ɗaukarsa daga kai har ƙafa, a kuma bar kyamara ta daɗe ba a yanke ba, don a ga shi ne ke yin abin. Haka za ka ga Gene Kelly a Singin' in the Rain na 1952. Idan ka ga ana yanka hoto kowane daƙiƙa, a nuna ƙafa, a nuna fuska, a nuna hannu, sau da yawa mai tace hoto ne ke rawar ba jarumi ba. Sannan ka duba ko rawar tana magana. West Side Story ya buɗe da mintuna masu yawa kusan babu zance, samari suna ƙyasta yatsu suna zagaya unguwa, amma kafin a gama ka san akwai ƙungiya biyu, ka san wa ke ganin titin nasa ne.

Yanzu auna namu

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a 1990, amma Sangaya na 1999 ne ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa tana sayar da kaset. Daga nan aka shiga zamanin da sau da yawa akan shiga situdiyo a buga waƙa tukuna, daga baya a nemo mata labari. Sakamakon kowa ya gan shi: waƙar da aka ɗora kamar faci a sabuwar riga, an canza kaya kala biyar, an zagaya lambu, an dawo labari yana nan inda aka bar shi. Irin wannan in ka tura gaba ban ga laifinka ba.

Sai dai masu yi wa nanaye kuɗin goro su ma ba su yi adalci ba. Waƙa tana da aikin da take yi a fim ɗin Hausa wanda ba ta yi a na Amurka. Saurayin Bahaushe a zaure, ƙanen yarinya na kai-kawo, ba zai iya faɗin rabin abin da ke ransa ba, ita kuwa kanta a sunkuye tana wasa da gefen mayafi. Kunya ta rufe bakin magana, sai waƙa ta buɗe wata ƙofa. Gwajin da za ka yi mai sauƙi ne: saurari baitocin. Shin sun ambaci halin da mutanen nan biyu suke ciki, talaucinsa, ko auren dolen da ke jiranta, ko kishiyar da ke tafe? Ko kuwa za a iya ɗauke waƙar a dasa a kowane fim ba wanda zai lura? Ka kuma duba amsa-amo da karin, ka ji ko mawaƙin ya murɗe Hausa don dole ta hau kan fiyano. Fina-finai masu dogon zango na yanzu sun rage rawa ƙwarai, sun mayar da waƙa bayan hoto tana bayyana tunanin jarumi. Ita ma wannan da ma'auni ɗaya za ka auna ta.

Je ka ga na ido da ido

Mutumin Zariya yana da gatan da garuruwa da yawa ba su da shi. A Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai dandalin wasan kwaikwayo na ginin ƙasa da aka yi a tsakiyar shekarun 1970, ɗakuna zagaye da fili a tsakiya, kamar ka shiga gidan Bahaushe. Ɗaliban sashen wasan kwaikwayo sukan nuna ayyukansu a can. Ba duka ne masu waƙa daga farko har ƙarshe ba, amma da wuya ka rasa ganga da amshi da rawa. Leƙa sashen ka tambayi lokacin da za a yi na gaba.

Kallon dandamali daban yake. Babu a sake ɗauka, babu kyamarar da za ta zaɓar maka inda za ka duba. Zauna tsakiya, kada ka matsa gaba sosai har tsarin 'yan rawa ya ɓace maka. Lokaci-lokaci ɗauke ido daga kan jarumi ka dubi 'yan amshi na baya, a nan ake gane ƙungiyar da ta sha atisaye. Ka saurari yadda makaɗi ke jiran numfashin mai waƙa. Waya kuma a aljihu.

Nijeriya ta daɗe a wannan fage. Hubert Ogunde tun shekarun 1940 yake yawo da ƙungiyarsa gari-gari, Duro Ladipo ya kai wasansa na Oba Koso har Turai a shekarun 1960. A Legas, Bolanle Austen-Peters ta farfaɗo da harkar da Saro a 2013. Wasan Fela! da aka buɗe a Broadway a 2009 an kawo shi Legas a 2011. Daga Afirka ta Kudu akwai Sarafina! na Mbongeni Ngema, wasan dandamali ne a 1987 kafin ya zama fim a 1992, kan boren 'yan makarantar Soweto. A cikinsa jama'a ce jaruma, amshin ya fi muryar mutum ɗaya nauyi, shi ya sa kunnen Bahaushe ke saurin kama shi.

Na zamani da zan ce ka ajiye sai ƙarshe shi ne Hamilton na Lin-Manuel Miranda, wanda aka fara a 2015, aka saki hoton dandamalinsa a 2020. Tarihin Alexander Hamilton ne, sakataren baitulmalin Amurka na farko, wanda mataimakin shugaban ƙasa Aaron Burr ya harbe a 1804, kuma kusan babu magana a ciki, duk waƙa ce, yawanci ta gambara. Abin lura a nan shi ne salon kiɗa yana gaya maka ko wane ne mutum. Masu juyin juya hali suna zuba kalmomi da gudu, Sarkin Ingila kuwa idan ya fito sai ya yi tasa a hankali cikin tsohon salon waƙar Ingila, yana taƙama. Muhawarar majalisar ministoci kan bashin jihohi an mayar da ita gasar baki tsakanin Hamilton da Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje, kowa da makirufo a hannu, shugaban ƙasa yana raba gardama. Turancin yana da sauri ko ga wanda ya yi digiri, don haka karanta taƙaitaccen tarihin mutumin tukuna, ka kunna rubutun ƙasan allo a kallo na farko. A na biyu ka kashe rubutun, ka bi daɓen dandamalin da ke juyawa da 'yan rawan da ke kewaye da masu waƙa.